Kofin Shayin da Ya Kai Ni Lyon

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A kemis ɗina, a gidan suna, har a bakin masallacin Juma'a, duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Hajiya, yaya Faransa?" In na ce lafiya lau, a ce ban faɗi komai ba. In na ce akwai sanyi, a ce wannan kowa ya sani. To ga shi na zauna na rubuta sau ɗaya, mai tambaya ya karanta ya ƙyale ni. Amma wanda ke jiran labarin dogon ƙarfen nan na Paris da ake ɗaukar hoto a gabansa, ya nemi wani matafiyin. Ni ta tagar tasi na hango shi, kuma lokacin ina tsakiyar faɗa da ƙanena.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Ƙanena Sani ya shekara talatin a can, yana aiki a ɗakunan ajiyar kaya na 'yan sari a wata unguwa da ake kira Aubervilliers. Matarsa Zainabu 'yar Maraɗi ce. 'Yarsu ɗaya tak, Rabi, tana shekara ta uku a karatun harhaɗa magunguna, irin nawa, sai rana ɗaya ta ajiye littattafai ta bi wata ƙungiyar masu wasan kwaikwayo zuwa Lyon. Ita ce ta kira ni a waya, da Hausarta mai tafiya tana tuntuɓe da Faransanci.

"Gwaggo, wata bakwai ke nan Baba bai kira sunana ba. In na zo gida na gaishe shi, bango yake amsa wa. Kuma ya daina shan shayina."

Sai na yi muku bayanin shayin nan, in ba haka ba ba za ku gane komai ba. Kakanmu ya rasu kwana biyu bayan ya sha fura a wani taron dangi a ƙauye. Aka yi ta nuna wa juna yatsa har zumunci ya watse, ko da yake ni yanzu da karatuna na fi zaton ruwan da aka dama furar ne ba shi da kyau. Tun daga nan Inna, mahaifiyarmu, ta kafa doka: duk wanda ya haɗa abin sha, shi zai fara kurɓa a gaban wanda zai ba. Takan ce ba don ana zarginka ba ne, don kada wata rana a sami bakin zarginka. Sani ya tafi da wannan dokar har Faransa. Tun Rabi na 'yar shekara goma ita ke dafa masa shayi in ya dawo daga aiki, ta kurɓa, ta miƙa masa.

Rabi ta ce wasan da suke yi zai ƙare ranar wata Lahadi, kuma ta ajiye kujera biyu. "In bai zo ba, Gwaggo, ni ma na gama zuwa gidan nan. Na gaji." Ta faɗa ba kuka ba ihu, kuma wannan ne ya tsorata ni. Na san jininmu. In muka ce mun gama, sai a shekara ashirin ba a yi magana ba. Shi ya sa na rufe ido na shiga wahalar biza.

Wahala ta gaske kuwa a filin jirgin Paris ta fara. Wani kare ya zo ya zauna kusa da akwatina ya ƙi tashi, aka ja ni gefe. Kilishin da na yo oda musamman daga wurin mai kilishin da Sani ke so tun yana yaro, aka ɗaga shi da yatsa biyu aka jefa a kwando. Dambun nama ya bi shi. Na yi bayani da Turanci, jami'in ya amsa da Faransanci, na ƙara murya, shi ma ya ƙara ladabi, wanda ya fi zagi ciwo. Da ya zo kan garin kuka sai ya tsaya yana juya ledar yana kallona. Ni da na shekara talatin da biyar ina sayar da magani, wai ni ake yi wa kallon mai safarar ƙwaya. Ban san lokacin da na kwance ledar na lakata na lasa a gabansa ba, kamar yadda Inna ta koya mana. Ya yi dariya ya mayar min da kukata.

Gidan Sani yana hawa na shida, kuma na'urar hawa, wadda su ke kira asansar, ta lalace tun kafin azumi. Na hau da gwiwoyin nan nawa ina ambaton Allah a kowane hawa. Mun haɗu da mutum huɗu a matakala, na gaishe su duka, ɗaya ne ya ɗaga gira. Zainabu kuwa ta rama musu. Ta rungume ni, ta tambayi gajiya, ta tambayi Kano, ta tambayi mutanen da suka rasu tun shekara goma, sannan ta kawo ruwa ta kurɓa ta miƙo min.

A ɗakin Rabi aka sauke ni. Littattafanta na magunguna suna jere a kan kanta, babu ƙura ko ɗis. Zainabu ta rage murya ta ce, "Shi ke goge su, Yaya, kowace Lahadi. Amma ki ambaci sunan ɗiyar, sai ya tashi ya bar miki ɗakin. Wanga mutum ya hi ƙarhina."

Da yamma Sani ya dafa shayi da kansa, ya kurɓa ya miƙo min. Ban taɓa shan abu mara daɗi irinsa ba, ɗaci kamar an jiƙa maɗaci, kuma ya tsaya a kaina yana jiran yabo.

Kwana uku na yi ina lallaɓa shi. Ya kai ni unguwar Goutte d'Or, inda na ji kamar an ɗauko wani yanki na kasuwar Sabon Gari an dasa a cikin sanyi: ga kuɓewa, ga manja, ga masu kiran mutum ya zo ya sayi waya. A can wata mata 'yar Damagaram ta ji ina ciniki da Hausa ta riƙe hannuna muka gaisa har ƙafata ta yi sanyi. Ya saya min burodinsu mai tsawon taɓarya, wanda ya kusa tafiya da haƙorina na roba. Ya sa na ɗanɗana wani cuku da Zainabu ke ɓoyewa a leda uku saboda wari. Duk na haƙura. Amma da na kawo maganar Lyon a cikin tasi, sai ya ɗaure fuska.

"Yaya, in don wannan kika zo, kin yi asarar tafiya."

"To ni zan je ni kaɗai."

"Da wane bakin? Ko ruwa ba ki iya tambaya ba."

"Sai a ji a Kano cewa Sani ya saki yayarsa, mace mai hawan jini, a ƙasar da ba ta jin yarensu. Ni ba zan faɗa ba. Amma in an tambaye ni ba zan yi ƙarya ba."

Muka wuce dogon ƙarfen nan. Sannan ya ce zai raka ni, amma iyakarsa bakin ƙofa. Zainabu ta ce ita ciwon kai take yi, ba za ta iya tafiya ba. Sai da nake haɗa jaka ta raɗa min cewa ta riga ta je ta ga wasan sau biyu a ɓoye, da sunan ziyarar wata ƙawarta. Ta ce labarin kisan kai ne. Na ce to gaya min wa ya yi kisan. Ta ce, "A'a, Yaya, ki tahi ki gani da idonki." Har ita ma ta zama abin haushi.

Jirgin ƙasansu yana gudu kamar an biyo shi, amma cikinsa shiru kamar gidan makoki. Wayata ta yi ƙara, na ɗauka na gaisa da Hajiya Ladi maƙwabciyata yadda ake gaisawa, sai ga rabin taragon sun juyo suna kallona. Na kashe. Na ɗauko ƙuli-ƙuli, wanda kare bai gano ba, na gatsa sau ɗaya, wani dattijo mai jarida ya sauke tabarau. Na mayar da shi jaka na zauna da yunwata.

A cikin wannan shirun ne Sani ya yi magana, idonsa a taga. Ya ce shekara ashirin da takwas yana ɗaukar kwalaye, har bayansa ya daina miƙewa sosai. Ya ce akwai hotona sanye da farar rigar aiki da ya liƙa a ɗakin Rabi tun tana firamare, yana ce mata ga abin da za ki zama. "Saura shekara nawa, Yaya? Ta bar wannan ta je tana sa kayan mutanen da suka mutu tana yi wa Turawa ƙarya a kan katakon dandali." Gaskiya ni ma haushinta nake ji. Na riga na gama shirya wa kaina cewa wata rana Rabi za ta zo Kano ta karɓi kemis ɗin nan. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu.

Masaukinmu a Lyon, in ka buɗe akwati sai ka fita waje ka ba shi wuri. Banɗaki babu buta, sai da na yanke wa gorar ruwa hukunci. Garin kuma, wai duk Faransa ba wanda ya kai su iya girki, amma duk abin da na nuna a takardar abinci sai Sani ya girgiza kai ya ce alade. Ƙarshenta a shagon wani Balarabe ɗan Tunisiya muka ci kuskus, mutumin kirki, ya ƙara min romo ba tare da na roƙa ba.

Wasan da ƙarfe uku na rana ne. Gidan wasan yana kan tudu, matakala sama da matakala, kamar mutanen ƙasar nan sun yi rantsuwa a kan gwiwoyina. Ƙaramin wuri ne mai warin danshi. A bakin ƙofa Sani ya tsaya ya sa hannu a aljihu.

"To, Yaya. Ina nan."

"Kana ina? Da Faransanci za su yi. Na taso tun daga Kano in zauna awa biyu ina kallon bakin mutane yana motsi? Wuce ka fassara min."

Ya wuce yana gunaguni.

Ga labarin, yadda ya iso kunnena ta bakin mai fassara mai fushi. A Ingila ne, zamanin sarauniyarsu Biktoriya, lokacin fitilar gas da mata masu riguna kamar laima. Wani attajiri tsoho yana ta rama yana amai, likita ya rasa gane kansa. Yana da 'ya'ya uku: ɗa mashayi, babbar 'ya mai baƙin rai, da ƙaramar 'ya mai haƙuri wadda ke jinyarsa, tana kawo masa shayi kullum da yamma. Da ƙaramar ta fito cikin baƙar riga har ƙasa, sai da na ɗauki lokaci kafin na gane Rabi ce. Ta miƙe, muryarta ta cika ɗakin ba tare da ta ɗaga ta ba. Sani ya yi kamar bai gane ta ba, ya ci gaba da cewa "yarinyar ta ce", "yarinyar ta fita".

Ni kam tun fitowa ta biyu na gano gubar. An nuna wata takardar kama ƙuda da ta ɓace daga kicin, kuma duk wanda ya yi karatuna ya san a zamanin da asanik ake yin ta, in an jiƙa ta gubar na fita a ruwa. Na gaya wa Sani likitan nan jaki ne. Wata mata a gabanmu mai gajeren farin gashi ta juyo ta ce shhh. Sani ya ba ta haƙuri, ya ci gaba da fassara, ta sake juyowa. A nan ƙasar mutum zai ga ana kashe tsoho a gabansa ya zauna ƙyam kamar gunki, ko "wayyo" ba zai ce ba.

Kafin a tafi hutun rabin lokaci, ɗan sandan ciki ya iso gidan, kuma kowa ya fara kallon mai kawo shayi. A nan na lura fassarar ta canja. "Ƙarya yake yi mata," in ji Sani. "Wannan mashayin ne, dubi idonsa." Da aka kunna fitilu bai tashi ba. Ya ce min marubucin wasan bai san komai ba, gida guda ana zargin juna amma babu mai hankalin da zai ce wanda ya haɗa ya fara sha. Ya ce da Inna na gidan nan da an tashi wasan tun minti goma.

Aka dawo. Tsoho na kwance a kujera, 'yan'uwa biyu da ɗan sanda suna tsaye, duk idonsu a ƙofa. Rabi ta shigo da tire. Ta zuba shayi, cokali na ƙara a jikin kofi, ɗakin ya yi tsit. Ta ɗauki kofin da hannu biyu ta nufi tsohon. Sai na ji kujerar kusa da ni ta buga.

"Rabi! Kurɓa tukuna!"

Da Hausa, da muryar da yake kiran direbobi a wurin aiki. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Mai farin gashi ta dafe ƙirji. Na ja rigarsa, ko gezau.

Rabi ta tsaya cak. Ba ta juyo ba. Wata bakwai ba ta ji sunanta a bakin nan ba, kuma ga shi ya zo mata daga cikin duhu. Sai hannunta ya yi abin da ya saba yi tun tana 'yar shekara goma: ta ɗaga kofin ta kurɓa, sannan ta miƙa wa tsohon.

Tsohon ya kalle ta, ya kalli kofin, ya kalli ɗan sanda. Babu yadda zai yi, a rubuce yake cewa zai sha ya mutu, ya sha ya mutu. Sani ya zauna yana huci, ya ce min, "Yanzu sai in ga mai bakin zarginta."

Abin da ba mu sani ba, kuma Zainabu ta ƙi faɗa min, shi ne ƙaramar 'yar, wato Rabi, ita ce ta yi kisan. Duk wasan a kan wannan kofin aka gina shi, ga shi mai laifin ta sha a gaban shaidu tana tsaye garau. Na ga gumi na bin wuyan ɗan sandan. Amma Allah ya yi shi mai kai. Ya zaga dandalin sau biyu, sannan ya ƙirƙiro cewa matan zamanin suna lasar asanik kaɗan-kaɗan don hasken fata, don haka jikinta ya saba. An yi wannan haukar a da, gaskiya ne, amma kada wanda ya gwada, kabari take kaiwa. Mutanen ɗakin suka yi ta gyaɗa kai, wai hikimar marubuci.

Daga nan Rabi ta tsaya ita kaɗai a tsakiya ta yi doguwar magana. Sani ya fara fassarawa: wai shekara da shekaru tana yi wa uban hidima, shi kuwa bai taɓa tambayarta abin da take so ba, wasiƙun da ake aiko mata ma... Sai ya yi shiru. Na zungure shi, na sake zungurarsa. Bai ƙara cewa uffan ba har aka rufe labule. Don haka masu tambayata yadda wasan ya ƙare, ban sani ba. Na dai ga mai farin gashi tana share ido, kuma na ga an tashi tsaye ana tafi.

A bayan dandali shugabar ƙungiyar, wata doguwar mata mai gyale ja, ta sauke wa Sani kwandon Faransanci. Ba na buƙatar fassara. Ya cire hula ya riƙe a hannu yana ba da haƙuri, mutumin da ban taɓa jin ya ba kowa haƙuri ba tun yana yaye. Ɗan sandan kuwa ya zo ya rungume shi yana dariya. Rabi ta fito ta durƙusa ta gaishe ni, ta gaishe shi, ya amsa ƙasa-ƙasa. Ta ce ɗakinta ba nisa, mu je mu yi la'asar kafin jirgi. Hawa na biyar ne, kuma ba sai na faɗa muku ko akwai asansar ba.

Ɗakin ɗan mitsitsi ne a ƙarƙashin rufi. Muka yi salla. Rabi ta jawo 'yar butar shayi shuɗiya, wadda na gane ta gidansu ce, ta ɗora a wuta. Ta juya shayin daga buta zuwa kofi, daga kofi zuwa buta, har ya yi kumfa. Sani na zaune a bakin gado yana kallon hannunta.

"Ashe ke kika kashe shi," ya ce.

"Ni ce, Baba."

"Ni kuma ina can ina rantse wa Yaya."

Ta zuba a ƙaramin kofi. Ta ɗaga za ta kai baki, sai ya miƙa hannu ya riƙe wuyan hannunta. Ya karɓi kofin a cike, ba a taɓa shi ba. A iya sanina, tun rasuwar kakanmu babu wani ɗan gidanmu da ya yi haka. Ya shanye a kurɓi uku, da zafinsa, ya miƙa mata kofin.

"Sukari ya yi kaɗan, Rabi. Ƙaro."

Ni ba wanda ya tuna da ni. Ina zaune a kan akwati da gwiwoyi kumbure, kilishina na kwandon shara a Paris, kemis ɗina babu magaji, ina kuka kamar wata sakara. Sai a zagaye na biyu aka ba ni nawa, kuma nawan sai da Rabi ta kurɓa.